Daga Kano Zuwa Jidda, Awa Nawa Ne?

Kwanakin baya na shiga cikin birni, wajen Yakasai, domin in yi wa wata gwaggona barka, don 'ya'yanta sun haɗu sun biya mata kujerar Makka. Na tarar da tsakar gida cike da mata, ana ta gardama har ba a jin sallama. Abin da ake gardamar a kai kuwa shi ne awa nawa jirgin sama yake yi daga Kano zuwa Jidda. Wata ta ce awa 6 da rabi ne, domin da idonta ta gani a tikitin maigidanta. Wata ta ce ina, ai bai kai awa 3 ba, don ran da ƙanwarta za ta dawo sun yi waya da hantsi tana Jidda, kafin a kira azahar ta sauka a Kano. Sai wata dattijuwa da ta je har sau biyu ta yi dariya ta ce, "Ku dai yara ne. Kwana biyu ne cur, ni da na je na sani."

Gwaggo tana gefe ta yi tagumi, don ita abin ya shafa. Tana da hawan jini da ciwon suga, kuma ba ta taɓa yin tafiyar da ta wuce Zariya ba. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ke da kika yi boko, wace ce mai gaskiya a cikinsu?" Na ce, "Gwaggo, duk su ukun ba wadda ta yi ƙarya." Wannan amsa ce nake so in warware muku yau, domin na lura mu mata mukan shirya tsaraba da ɗinki da kuɗin guzuri, amma ba mu cika tambayar tsawon tafiyar kanta ba sai mun shiga cikinta.

Bari mu fara da nisan. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, in an miƙe sak ba kwana, kimanin kilomita 3,400 ne, watau mil 2,100 da 'yan kai. Idan lambar ba ta shiga kai ba, a ɗauka mutum ya tashi daga Kano ya je Legas a mota, ya komo Kano, ya sake komawa Legas. To, kusan haka nisan yake. Jirgi in ya tashi yakan fuskanci gabas da ɗan karkatawa arewa, wato alƙiblar nan da muke kallo kullum in za mu yi salla. A miƙaƙƙiyar hanya zai bi ta kan ƙasar Barno da tafkin Cadi, ya ratsa ƙasar Cadi, ya shiga Sudan, ya ƙetare kogin Nilu, sa'an nan ya haye Bahar Maliya ya sauka a Jidda, wadda take bakin tekun daga wancan ƙetare.

Manyan jiragen da ke ɗaukar alhazai sukan yi gudun kilomita 850 ko fiye kaɗan a cikin awa guda, suna sama da ƙasa da kamar kilomita 10 zuwa 12. 'Yan makaranta ku ɗauko alƙalami ku raba 3,400 da 850, za ku sami 4. Sai a ƙara kamar rabin awa na hawa da saukowa, domin jirgi ba ya cin cikakken gudunsa a waɗannan lokuta. Ke nan tafiyar sama tsantsa awa 4 da rabi ce, wani lokaci ta ɗan haura zuwa 5. A wannan gudu, nisan Kano da Wudil minti 3 ne, Kano da Zariya kuwa bai fi minti 11 ba. Kafin mace ta gama tuƙa tuwo jirgin ya bar Nijeriya.

Akwai wani lissafi da nake so ƙwarai. Mai tafiya a ƙasa, in yana da ƙarfi kuma ba kaya mai nauyi, yakan ci kamar kilomita 25 a yini. A raba 3,400 da 25, za a sami kwana 136, watau wata 4 da rabi. Ashe kowace awa guda a cikin jirgi daidai take da tafiyar wata guda a ƙafa. Wannan kuwa in an ce babu hutu, babu ciwo, babu damina, babu ƙarewar guzuri, kuma hanyar a miƙe take, abin da bai taɓa yiwuwa ba.

Kakanninmu sun san haka. A da, wanda ya ce zai tafi gabas, sallamar da ake yi da shi kusan ta mutuwa ce, har yakan raba abin da ya mallaka ya yafe wa kowa. Ayari kan fita ta Barno, a yi zango a Fot Lami, wadda yanzu ake kira Injamena, a wuce Abeshe, a shiga Darfur ta Alfashir, a kai Al'ubayyid, daga nan sai bakin Nilu. In Allah ya sa an kai Sawakin, sai a shiga jirgin ruwa a ƙetare zuwa Jidda. Mai hali yakan yi watanni. Talaka kuwa shekaru yake yi, domin duk inda guzuri ya ƙare sai ya tsaya ya yi noma ko ƙodago, matar kuma ta yi ta suyar ƙosai da waina tana sayarwa har su tara na gaba. Mata sun haihu a hanya, sun yaye a hanya, wasu har sun aurar a hanya. Da yawa ba su kai ba, da yawa kuma sun kai amma ba su komo ba. Su ne tushen dubban Hausawan da ke zaune a Sudan har yau, musamman a gonakin auduga na Jazira da garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa tare da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Akwai gidaje a cikin birnin nan da har gobe in an tambayi asalin wani reshe na dangi sai a ce ai suna gabas.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925. Jirage 3 ne na sojan Ingila, sun taso daga Masar, kuma abin sha'awa, kusan hanyar mahajjatan nan suka biyo, ta Sudan da Cadi, suna sauka suna shan mai. Su ma sai da suka yi kamar kwana 6. Daga 1936 jiragen fasinja suka soma zuwa Kano a kai a kai, amma wannan ba abin talaka ba ne. A 1948 waɗansu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar kai alhazai a manyan motoci zuwa Sudan, tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Bayan 1950 ne aka fara ɗibar alhazai a jirgin sama daga Kano, abin ya yi ta bunƙasa har gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975. Filin Jidda na yanzu, mai rumfunan nan farare kamar tantuna, an buɗe shi a 1981.

To, mu komo kan gardamarmu. In tafiyar awa 4 da rabi ce, ina mai awa 6 da rabi ta samo nata, ina kuma mai awa 2 da rabi ta samo nata?

Amsar tana ga agogo. Duniya tana juyawa ne daga yamma zuwa gabas, saboda haka rana takan riga fitowa a garuruwan gabas. Masana sun kasa kewayen duniya gida 360, kowane gida ana kiransa digiri, kuma rana tana cin digiri 15 a awa guda. Jidda tana gabas da Kano da kamar digiri 30. Ke nan ranar da za ta fito mana ta riga ta fito musu da awa 2, kuma agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa 2 daidai, rani da damina. In muna ƙarfe 12 na rana, su suna ƙarfe 2. Su kuma masu jirgi al'adarsu ita ce su rubuta lokacin tashi da agogon garin da za a tashi, lokacin sauka kuma da agogon garin da za a sauka, ba tare da sun yi wa kowa bayani ba.

Ga misali. Jirgi ya tashi daga Kano ƙarfe 2 na rana. Bayan awa 4 da rabi, agogon da ke hannunki zai nuna 6 da rabi na yamma, amma na bangon filin Jidda zai nuna 8 da rabi na dare. Wadda ta dubi tikiti ta ga tashi ƙarfe 2, sauka 8 da rabi, dole ta ce awa 6 da rabi ne. Ran dawowa kuma sai abin ya juye. Jirgi ya bar Jidda ƙarfe 10 na safe, ya yi awa 4 da rabinsa, agogon Jidda ya nuna 2 da rabi, namu kuwa 12 da rabi. Wadda ke gida tana jira sai ta ga kamar awa 2 da rabi aka yi. Tafiya ɗaya ce, jirgi ɗaya, nisa ɗaya.

Kada wata ta ce wannan wasan 'yan boko ne. Na san gidan da aka kwana ana kuka don an ji shiru awa 2 bayan lokacin da suka ƙiyasta, alhali kuwa matar tana lafiya, lissafin ne ya ruɗe musu. Na kuma san wadda ta sauka da jakunkuna ta yi ta zaman jiran masu tarbarta, domin an faɗa musu lokaci da agogon can suka ɗauka na nan ne. In za ki faɗa wa mutanen gida lokaci, ki ce "da agogon Kano" ko "da agogon Makka", kada ki bar shi haka nan.

Salla ma abin ya shafe ta. Mai tafiya gabas a jirgi tana gudu ne ta tari dare, saboda haka yininta gajere ne. Wadda ta tashi ƙarfe 2 za ta ga rana ta faɗi ta taga alhali agogonta bai wuce ƙarfe 5 da 'yan mintoci ba. In ta ce sai agogon ya nuna lokacin magaribar Kano, to ta makara, la'asar kuwa ta tsere mata tun tuni. Addini ya yi wa matafiyi sauƙin ƙasaru da haɗa salloli, kuma malamai suna koyar da yadda ake yi a wurin bita. Ki je bitar nan, ki tambaya tun kina gida, domin ƙofar jirgi ba wurin neman fatawa ba ne. Haka kuma zancen harami. A 'yan shekarun nan akasarin alhazanmu Madina ake fara kai su, nisanta daga Kano ya ɗara na Jidda da kamar kilomita 150, wato mintoci kaɗan a sama, kuma su sai sun tashi tafiya Makka za su ɗauki harami a Zulhulaifa. Amma wadda za ta sauka Jidda ta zarce Makka, musamman masu Umra, malamai da yawa sun ce tun a sama za ta yi niyya, in jirgi ya zo daura da miƙati. Akan yi sanarwa gab da sauka, sai dai sau da yawa da Larabci ko Turanci ne, kuma lokacin barci ya kwashe rabin jirgi. Tun da kin san tsawon tafiyar, in an ci awa 3 da rabi sai ki farka ki kintsa, ki tashi ta kusa da ke.

Saura dattijuwa mai kwana biyu, kuma a ganina ita ce ta fi kowa gaskiya. Daga cikin birni zuwa filin jirgi, in an fita ta Ƙofar Mazugal ko Ƙofar Ruwa aka hau titin Katsina, bai kai kilomita 10 ba. Amma wannan 'yar tafiya ita ce wani lokaci ta fi ta Jidda cin lokaci. Za a kira ku sansanin alhazai, a duba takardu, a auna kaya, a jira jirgi. Jirgin alhazai kuwa jigila yake yi, in ya makara a can ya makara a nan, sai a wayi gari a sansani, wani lokaci a sake kwana. In an kai ku filin jirgi akwai layin bincike da na buga fasfo, wannan ma awoyi ne. In an sauka a can akwai wani layin, da jiran kaya, da jiran mota. Daga filin Jidda zuwa Makka kusan kilomita 100 ne, zuwa Madina kuwa ya haura 400, wato awa 5 ko 6 a bas. In kin haɗa duka, daga ƙofar ɗakinki zuwa ƙofar masaukinki, yini da kwana ba abin mamaki ba ne, kwana biyu ma ba ƙarya ba ne.

A nan ne mata suke cutuwa. Shekarar da na yi tafiyar, akwai wata baiwar Allah a rukuninmu mai ciwon suga. An gaya mata tafiyar awa 4 ce, sai ta ce ai wannan ba komai, ta sha maganinta na safe, ta tura sauran cikin babbar jaka aka auna aka wuce da ita. Jirgi bai tashi ba sai washegari. Ba ta sake ganin jakar nan ba sai bayan kwana 3. Da ba don wata ma'aikaciyar jinya da ke cikinmu ba, da labarin ya sha bamban. Saboda haka duk abin da ranki ya dogara a kansa, jakar hannu ce wurinsa: magani na aƙalla mako guda da takardar likita, tabarau, zane da hijabi na canji, audugar mata, da ɗan abin taɓawa marar ruwa kamar dabino ko biskit. Mai shan magani a kan lokaci, balle mai yin allurar suga, ta tambayi likitanta tun kafin tafiya yadda za ta yi da bambancin awa 2 ɗin nan. Abu mai ruwa kuwa ba a barin kwalbar da ta wuce mililita 100 a jakar hannu, in ba magani ko abincin jariri ba, don haka man shafawa da turare su bi babbar jaka.

Su kansu awoyin na sama suna da nasu hakki. Iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta hunturu, amma sai ka ga mata sun ƙi shan ruwa tun daga gida don kunyar tashi zuwa ban ɗaki. Wannan kuskure ne babba. Ki sha ruwa, ki tashi in ta kama. Ban ɗakin jirgi ƙarami ne, kuma in an danna abin kora ruwa yakan yi wata ƙara mai firgitarwa, amma ba abin da zai same ki. Kada dai a malala ruwa a ƙasa wajen alwala, gara a yi ta tun kafin a shiga. Likitoci sun ce zama wuri ɗaya fiye da awa 4 yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma abin ya fi kama masu jiki, da tsofaffi, da masu ciki, da waɗanda ba su daɗe da haihuwa ko tiyata ba. Tafiyarmu kuwa ta haura awa 4, ga zaman sansani a bayanta. Ki riƙa motsa yatsu da idon sawu, ki miƙe ki ɗan taka in an kashe alamar ɗaura bel, ki sa takalmi sakakke don ƙafa kan kumbura. In kunne ya toshe wajen tashi ko sauka, haɗiyar yawu ko hamma kan buɗe shi. Mai goyo ta ba yaro nono a daidai wannan lokaci, shi ne maganin kukan.

Kada kuma a riƙe awa 4 da rabi kamar karatun allo. Iska takan taimaki jirgi ko ta tare shi, ta rage mintoci ko ta ƙara. Hazon hunturu kan hana sauka a Kano, a juya jirgi zuwa wani gari. Manya a cikinmu ba su manta da 22 ga Janairu 1973 ba, ranar da jirgin alhazai da ya taso daga Jidda zai tafi Legas aka juyo da shi Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Na kawo wannan ne don in kin ji an ce an jinkirta tashi saboda yanayi, kada ki shiga sahun masu zagin ma'aikata. Rikicin ƙasa ma yana taɓa sama. A 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, sai da jiragen alhazanmu suka yi zagaye, tafiyar ta ƙaru da kamar awa 2, kamfanoni kuma suka nemi ƙarin kuɗi. Ƙasar da kakanninmu suka ratsa da ƙafa, sai ga shi jikokinsu sun kasa ratsa ta ko ta sama.

Masu zuwa Umra ko saro kaya su kuma su lura da tikitin da za a yi musu tayi da araha. Sau da yawa ba miƙaƙƙe ba ne. In ta Alƙahira ne, Kano zuwa can kimanin kilomita 3,100 ne, daga can zuwa Jidda kuma 1,200. In ta Adis Ababa ne, zangon farko kaɗai ya kusa kai nisan Jidda ɗungurungum, ga wani 1,400 a gaba. Tsakanin jiragen biyu kuma akwai jira, wani awa 2, wani dare guda a kan kujera. Kafin maigida ko ɗa ya biya, a tambayi mai sayar da tikitin sau nawa za a sauka, awa nawa za a jira, kuma ko kaya za su wuce da kansu. Yarinya mai ƙarfi za ta iya. Tsohuwa da ba ta jin wani harshe sai Hausa, ni dai ba zan tura ta ita kaɗai ta wannan hanya ba ko da rabin kuɗi ne.

Ku kuma 'yan makaranta, ga inda karatunku zai yi rana. Kafin in bar gidan gwaggo na kira jikarta da ke aji 2 a sakandare, na sa ta kawo takarda. Muka ja layi a tsakiya, gefe ɗaya ta rubuta agogon Kano, ɗaya gefen agogon Makka, tun daga ƙarfe 1 har 12, da ajami don gwaggo ta iya karantawa da kanta. A ƙasa ta rubuta sunayen magungunanta da lokacin shan kowanne, da lambar wayar gida. Ta kwafi wata ta manna a bangon rumfa saboda masu jira. Gwaggo ta ninke tata ta sa a 'yar jakar da za ta rataya a wuya tare da fasfo, sa'an nan ta aiki yaro ya kwance babbar jakar da aka riga aka ɗaure, a ciro mata maganin hawan jini.